Katangar da Aka Jingina da Teku

Yau da safe da na zura ƙafa cikin takalmina, ƙaguwa ce ta gaishe ni. Ba a bakin ruwa ba fa, a cikin kicin ɗina, inda ruwan teku ya shigo ba sallama ya kai mini idon sawu. Na leƙa ta taga sai ga maƙwabciyata Glenys Trembath, gwauruwa mai shekara saba'in da ɗoriya, tana kwarfar ruwa daga falonta da tukunyar miya. Na tambaye ta yaya ta kwana. Ta ce da ni, ba tare da ta ɗago kai ba, wai in je in tambayi katanga.

To, bari in ba ku labarin katangar. Lokacin zaɓe, Mai Girma Shugaban garinmu Korrawin, Allah ya ƙara wa tumbinsa faɗi, ya tsaya a bakin teku ya dafa ƙirji ya ce zai gina mana katanga "against" teku. Kowane ɗan Ostireliya, har wanda ba a gama yaye shi ba, ya san kalmar nan tana nufin tare abu, a yi gaba da shi, a hana shi wucewa. Muka tafa, muka ci gasasshen naman da ya raba cikin burodi, muka zaɓe shi. Ashe kallon kitse muka yi wa rogo.

An yi katanga kam, ba zan yi masa ƙarya ba. Tsayinta bai wuce gwiwata ba. An shafe ta da shuɗin fenti, an dasa furanni, an liƙa allon tagulla mai sunan Mai Girma, wanda ya kusa fin katangar girma. Karen Glenys, tsoho mai ciwon ƙugu, yana tsallake ta ba tare da ya ja da baya ba. Balle teku.

Da ruwa ya ci gidajen layinmu karo na uku, sai aka kira taro. Mai Girma bai zo shi kaɗai ba, ya ɗauko mana wani masanin harshe daga birni, mai siririn tabarau da murya kamar ana shafa man shanu. Shi ne ya yi mana bayani cewa kalmar tana da fuska da yawa. Tana nufin adawa, gaskiya ne, amma kuma tana nufin jingina, kamar yadda ake jingina tsani da bango. Ya ce a tsohon Turancin kakanninmu ma, asalinta ba ya nufin komai sai fuskantar abu, a tsaya daura da shi, kuma harafin ƙarshenta wutsiya ce da bakin mutane ya liƙa mata daga baya. Saboda haka katangar da ke fuskantar teku, har ruwa yana taɓa ta, ta cika alkawari ta hanya biyu cikin uku.

Ni kam na jinjina. Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Da ilimi na gaske aka yi mana fashi.

Merv Dunstan, mai sayar da kifi da soyayyen dankali, wanda firinjinsa biyu suka mutu a ruwan, ya raɗa mini cewa shi ma daga yau in mutum ya biya kuɗin kifi, zai ajiye shi daura da kifin ya yi ta fuskantarsa.

Glenys ce ta miƙe, siket ɗinta da jirwayen gishiri. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ranka ya daɗe, mijina ne ya kafa katakon falon nan da hannunsa, yanzu duk ya ruɓe. Wace ma'ana ce cikin ukun za ta busar mini da shi?"

Mai Girma ya karkatar da kai irin na masu ta'aziyya, ya ce ya ji kokenta har cikin ransa, kuma za a kafa kwamiti. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

Daga nan aka zo ƙuri'a kan ko za a ƙara wa katangar tsawo, ba ta sama ba, ta gefe, har ta kai gaban otal ɗin surukinsa. Ya ce waɗanda suke "against" su ɗaga hannu. Zauren nan kaf muka ɗaga, Merv har da hannu biyu. Mai Girma ya dube mu, ya yi murmushi, ya yi godiya. Washegari sanarwa ta fito cewa jama'ar Korrawin baki ɗaya sun jingina da shirin, abin da ke nuna cikakkiyar dogara ga shugabanci.

Glenys ta gaji. Ranar Asabar 'yarta za ta zo da mota ta kwashe ta zuwa wani gari can cikin tudu, inda ba ta san kowa ba. Shekara arba'in muna gaisawa ta kan shinge. Ta ba ni itacen lemon tsaminta a tukunya, ta ce in ɗora shi kan tebur, kada gishiri ya kashe shi. Su kuwa manyan, gidajensu na kan dutse, daga can teku abin sha'awa ne, musamman da yamma in an zuba abin sha a kofi.

Na ji an ce Mai Girma ya shirya mana allura a wata mai kamawa, wai "against" mura. Ni dai a sa ni cikin marasa zuwa. Da tsufana ba za a jingina ni da mura ba.