Dattijo Ya Daina Tari

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar dama da ta kumbura saboda buga kik, ni Filibus Audu na Gonin Gora, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki da duk wanda ya taɓa taya ni turi, rasuwar babur ɗina wanda aka fi sani da Dattijo. Ya cika ranar Talata da hantsi a bakin titin Abuja, tsakanin wata tirela da teburin mai lemo, bayan doguwar jinya. Mun karɓi abin da Ubangiji ya yi, ko da yake ɗana Kevin ma ya sa hannu.

Marigayin ya shigo gidana tun masaƙa tana aiki ba dare ba rana, muna haya a Tudun Wada, kaina da gashi. Mai haƙuri ne, ba ya zaɓen kaya. Shi ya kai matata Ladi asibiti a kowace haihuwa. Ya ɗauko buhun masara daga Zonkwa, ya ɗauko akuyar Kirsimeti tana kuka tana yi masa fitsari a salansa, ya kai ta har gida. Ranar Lahadi yakan kwashe mu duka zuwa sujada, Kevin a kan tanki, Vicky a matse tsakanina da uwarta. Da masaƙa ta rufe ya shiga acaɓa, bai ce ya fi ƙarfin aikin ba. Ban taɓa jin wanda ya ce Dattijo ya buge shi ba, don bai taɓa yin gudun da zai bugi wani ba.

Ciwon ajalinsa na kafireta ne, kuma ya daɗe da shi. Da safe sai an ja masa cok, an lallashe shi, an buga kik har gumi ya keto, sannan ya ce "khi, khi, khi," ya yi shiru yana tunani, kafin ya yarda ya ce "tu-tu-tu-tu." Babban rauninsa silo, wato ya tsaya yana numfashi da kansa ba a murɗa masa totur ba. Wannan kam ya gagare shi. Ka saki hannu ka gyara hula, sai ka ji "tu... tu... fuf," ya mutu. In aka ɗaga masa silon, sai ya kama ihu kamar injin markaɗe, har Fasto ya taɓa aikowa a kashe shi ana tsakiyar wa'azi. In aka sauke, sai ya mutu a shingen 'yan sanda, daidai lokacin da aka ce in wuce. Ga yoyon fetur ta ƙasa, ga fulogi baƙi ƙirin, ga man 'yan bumburutu mai ruwa da ke ɓata masa ciki. Kai, na sha wahala. Babu kwanar da ban yi turi a cikinta ba daga Gonin Gora zuwa Kakuri.

Likitansa ɗaya ne tun yana sabo, Malam Zakariyya'u bakanike, maƙwabcinmu na da a Tudun Wada, wanda katanga ɗaya ta raba ɗakinsa da nawa. A shekarar rikici, da gari ya rabu kowa ya kwashi 'ya'yansa ya nemi inda nasa suke, mun fito da ƙafa muka ƙetare kogi zuwa Gonin Gora, Dattijo yana rumfar Zakariyya'u an kwance masa ciki. Da ƙura ta lafa na koma ina ɗar-ɗar, na tarar da shi a lulluɓe da tamfol, an wanke kafiretar, an ɗaure, har an cika tanki. Tun daga ranar, Asabar ta zama ranar ganin likita.

Ga yadda jinyar take. In tsallaka gadar baifas, in isa rumfa, Zakariyya'u ya ce, "Fili, yau kuma me ya ce?" In kwaikwayi tarin da ya yi a makon. Sai ya ciro kafiretar, ya wanke a tsohon gwangwanin madara, ya hura jet da baki ya ɗaga ya leƙa rana ta cikin ramin, ya gyara fulot mai tsayar da fetur in ya cika, ya mayar. Sannan ya kara kunne yana juya ɗan sukurun iska a hankali har marigayin ya daidaita numfashi. Aikin ba ya kai shan kofin shayi, amma ba na tashi sai la'asar. Mu ci ƙosai, mu zagi gwamnati, mu tuno waɗanda suka mutu. In ya tafi sallar azahar ni ke tsare rumfa, har masu kawo gyara suna ce mini oga. Zakariyya'u ya sha cewa a sayi sabuwar kafireta a huta. Na ce to. Ya ce to. Muka ci gaba da shan shayi.

Mutanen gidana ba su taɓa son wannan tafiya ba, kuma ban ga laifinsu ba, sun ga abin da suka gani. Kowace Asabar Ladi takan tsaya a ƙofa ta ce, "Baban Kevin, ƙetaren kuma? Duk bakaniken da ke unguwar nan?" In ce, "Dattijo ba lafiya." Shi kuma, Allah ya saka masa, daidai nan yake yin tari mai ban tausayi, ta kauce in wuce. Ba a hana mutum kai mara lafiya asibiti.

Kwanciyarsa ta ƙarshe ta zo ina kwance ni ma, hawan jini ya kayar da ni. Kevin, da zuciya ɗaya, ya ce bari ya hutar da ni, ya tura shi wajen wani mai gyara a bakin titinmu. Ba zan kama suna ba, muna coci ɗaya. Wannan bawan Allah ya zura waya a jet ya buɗa ramin, ya ɗaure sukurun iska har bakinsa ya karye a ciki, ya sa guduma zai ciro shi, jikin kafiretar ya tsage. Ya liƙe da gam, ya mayar da fulot a karkace. Fetur ya yi ta kwarara cikin injin har ya tsinka baƙin mai, ba wanda ya sani. Ranar Talata na samu sauƙi na hau shi. Ya tashi bugu ɗaya, abin da bai taɓa yi ba, har na yi murna. Ashe sallama yake yi. Muna hawa titi ya ce "kwas, kwas, kwas," ya tsaya. Na kira Zakariyya'u na kara wayar a jikin injin na taka kik. Ya saurara, ya yi salati, ya ce, "Fili, injin ya buga. Irin kayansa kuma an daina kawowa. Sai haƙuri."

Yara sun yi abin kirki, ba zan ɓoye ba. Sun haɗu sun sayo mini sabon babur, ja, mai tashi da maɓalli. Ba ya tari, ba ya yoyo, silonsa lafiya lau kamar barcin jariri. Ladi ta shafa kujerarsa ta ce, "To, yanzu sai ka huta, ba sauran zuwa ƙetare." Wannan maganar ta fi mutuwar yi mini ciwo. Na gaji da turi, gaskiya ne, na gaji da kik, na gaji da warin fetur a wandon coci. Amma ban gaji da Asabar ba.

Marigayin ya bar ni, mai shi. Ya bar Ladi, wadda ta ce a rubuta cewa ita ba ta cikin masu kuka. Ya bar Kevin, wanda aka yafe wa. Ya bar hular kwano mara igiya, da tsofaffin fulogai a aljihun kowace rigata, da tabon mai a tsakar gida wanda ba sabulun da zai fitar. Ya bar kuma Zakariyya'u, wanda idonsa ya fara rauni, masu sababbin babura ba sa tsayawa rumfarsa, benci ɗaya gare shi kuma rabinsa nawa ne.

Jana'iza za ta kasance kamar haka. Ranar Asabar da safe, Timothy mai a-kori-kura zai ɗauki gawar daga gidana zuwa Tudun Wada. Ana roƙon 'yan jari-bola su daina zagaya ƙofata da sikeli, ba a sayar da Dattijo a kilo. Fasto ya ce ba a yi wa ƙarfe addu'a, Zakariyya'u ya ce ba a yi masa salla, saboda haka za a kwantar da shi a bayan rumfa, a ƙarƙashin tamfol ɗin da ya taɓa rufe shi.

Zaman makoki a kan bencin nan za a yi. Ba na uku ba ne, ba na bakwai ba, ba na arba'in ba. Kowace Asabar ne, daga hantsi zuwa la'asar, za a ba da shayi da ƙosai. Ina sanar da iyalina cewa a kan sabon babur zan riƙa zuwa, kuma duk wanda ya tare ni a ƙofa ya ce ina za ni, amsar ita ce gidan rasuwa. A Gonin Gora ko a Tudun Wada, ban taɓa jin an hana mutum zuwa gaisuwar mutuwa ba.

Za a tashi daga zaman ranar da ni ko Zakariyya'u, ɗayanmu ya bi Dattijo.