Yadda Za Ka Mayar da Rumfar Surukarka Gidan Abincin Zamani

Kai da ka auri 'yar mai abinci, matso kusa. Bi matakan nan biyar, na ba ka tabbacin cikin wata guda rumfar surukarka za ta goga kafaɗa da gidajen abincin nan masu gilashi da suka cika Jos tun zuwan wayar salula. Na gwada a kan tawa surukar, Inna Tabawa ta Nasarawa Gwom, mai tuwon acca da gwate. Shekara ashirin tana ciyar da makanikai da direbobi tana yi musu faɗa. Ni kaɗai ta ƙyale, saboda kunyar surukuta.

1. Gano ciwon
A wurin Inna ba a zaɓen abinci. Kallo ɗaya za ta yi maka, ta zuba abin da ta ga dama. Pwajok bakanike ya nemi yaji, ta ce da wane cikin, shi da gyambon ciki ya kwantar bara? Ambrose direba ya ce nama uku, ta sa masa ɗaya, ta ce ya tuna yana da iyali. Wannan ai barikin soja ne.

2. Raɗa suna
Rumfar ba ta da allo, kowa "wurin Mafaɗaciya" yake cewa. Kira mai fenti ya rubuta TABAWA KONTINENTAL, ya zana kaza tana murmushi, ko da ba ku taɓa dafa kaza ba. Masana sun tabbatar allo ake fara ci kafin tuwo.

3. Sayo na'urar sanyaya ɗaki
E, a Jos. Na san da rigar sanyi mutane ke shigowa, amma ai don a ji ƙararta daga titi ake sa ta. Fitar da benci, kawo kujerun roba, kowa da teburinsa, kada wani ya ji hirar wani.

4. Koya wa surukarka murmushi
Nan ne aikin yake. Bi ta hannun matarka. Matata Hussaina ta kwana uku tana lallashi kafin Inna ta yarda, shi ma don kada a ce ta kunyata suruki. Sa mata jar hula, hana ta faɗa, ba ta takardar jerin abinci ta riƙa miƙa wa baƙi.

Ranar buɗewa Inna ta yi wa Ambrose murmushi, ta ce barka da zuwa. Ya tsaya cak, ya ja ni gefe ya tambaya ko likita ya faɗa mana wani abu ne. Ya juya takardar gaba da baya, ya ajiye, ya ce wa Inna da Hausarsa ta bariki:

"Mama, ni ban san abin da nake ci ba. Kai ne ka sani."

Inna ta dube ni. Ranar na fara ganin tsufanta, kuma abin ya taɓa ni. Amma ƙwararre ba ya ja da baya.

5. Ba kowa abin da ya zaɓa
Pwajok ya zaɓi yaji cokali uku, ba wanda ya ce masa uffan. Kwana biyu bai buɗe gareji ba. Rana ta uku Inna ta cire jar hular ta kifa min a ka, ta ɗauki kwanon gwate mara yaji, ta hau acaɓa sai gidansa. An ce tun daga bakin layi ake jin faɗan, shi kuwa yana kwance yana dariya har da hawaye.

Yanzu tana bayan shago a gindin mangwaro da tsohon bencinta, layi har titi. Ni ina ciki da kaza.

Gargaɗi
Mura, gyambon ciki, da duk abin da matarka za ta faɗa maka, babu ruwan marubuci. Mai ƙorafi ya same ni a Tabawa Kontinental, kujeru na nan duk babu kowa. Kada dai ka zo da azahar, lokacin ina bin layi a baya. Jiya na kai gabanta zan buɗe baki, ta ce in rufe mata shi, mutum ya rame kamar tsinken tsire yana wani zaɓe. Ta ƙara min malmala. Shekara shida da aurena, jiya ta fara yi min faɗa.