Nomau da Gwiwar Baffa Gidado

Barau mai tausa ya sha faɗa a bakin kasuwarmu cewa tun da ya fara sana'a babu gaɓar da ta taɓa gagarar hannunsa. Wai har gurgun jaki ya taɓa murzawa, jakin ya tashi ya tsere wa babur. Mu 'yan teburin mai shayi mukan ce ƙwarai kuwa, don in ka musa masa, shayinka zai huce bai gama bayani ba. Da aka kawo masa Baffa Gidado mai shanu, gwiwa ta kumbura kamar ƙwaryar nono, sai ya bugi ƙirji ya ce kafin shanu su tashi zuwa kudu tsohon zai bi su da ƙafarsa. Abin da ya dami Baffa ke nan. Kaska ce ta cije shi a bayan gwiwa da damina, ya yi zazzaɓi, zazzaɓin ya tafi ya bar masa kumburi. In ƙafar ba ta tashi ba, 'ya'yansa za su kora shanun su bar shi a ruga, shi da bai taɓa rabuwa da su ba.

Mai taya Barau aiki shi ne Nomau, mijin ƙanwarsa Lanto. Ƙato ne mai gemu, yana zaune da matarsa da tsohuwarsa Marka da wata akuya da kowa ya yarda ta fi shi dabara. Ba shi da mugunta ko kaɗan. Abin da ka ce masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Lanto ce ta yi ta roƙon yayanta har ya yarda ya koya masa tausa.

Wata rana, farkon zuwansa rumfa, Barau ya ce masa, "Ba na son tambaya. Duk abin da ka ga na yi, kai ma ka yi." Wani mahauci ne kwance a tabarma, bayansa ya ƙage. Barau ya murza kafaɗar dama, Nomau ya murza ta hagu. Barau ya share gumi, Nomau ya share busasshen goshi. Can sai Barau ya taka man kaɗanya da ya zube, santsi ya kwashe shi, ya faɗa kan mahauci. Nomau ya tsaya ya yi nazari. Ya lakato mai ya shafa a tafin ƙafarsa, ya ja da baya, ya taho da gudu. Mahaucin dai ya ce bayan ya saki, amma haƙarƙari sun kama. Nomau ya yini yana tambayar laifinsa, ko don bai yi salatin da Yaya ya yi ba lokacin faɗuwa.

Wata rana kuma wani tela ya zo da ciwon ƙafa. Muka aika wa Barau cewa ana suna a unguwar gabas, an yanka rago. Ya tashi, ya ce wa Nomau ya ci gaba da murzawa har ya dawo. Tela ya ji daɗi, ya yi barci, ya farka, ana murzawa. Ya ce ya isa haka, Allah Ya yi albarka. Nomau ya ce Yaya bai dawo ba. Aka kira azahar, tela ya miƙe da ƙafa ɗaya yana tsalle, Nomau na bin sa a durƙushe yana murza ɗayar, suka ratsa 'yan tumatir da 'yan gwanjo har ƙofar masallaci. Da tela ya zo wanke ƙafa a alwala, sai da ladan ya roƙi Nomau ya ba da aronta.

Duk ranar kasuwa kuwa ana kawo Baffa Gidado a kan jaki. Barau ya danna gwiwar da gwiwar hannu, ya murɗa, ya hau kai da diddige, tsoho na cizon sandarsa. Kumburi sai ƙaruwa yake, har idon sawu ya fara ɗauka. Barau ya ce ai ciwon ne ke fitowa. Nomau na gefe ya zuba ido, don ba a ba shi wannan ƙafar ba.

Wata rana aka ɗora ruwan zafi na gasa ciwo, Barau ya ce a sauko da tukunya. Bai ce a sa tsumma ba. Nomau ya rungumo ta da hannu, ya kawo, ya ajiye, sannan ya nuna tafukansa sun yi bororo. Barau ya dafe kai ya ce, "Daga yau duk abin da ka taɓa ka ji da zafi, ka janye hannu, kuma kada ka bar kowa ya taɓa." Da Lanto ta kwashe tuwo, Nomau ya sa yatsa, ya janye, ya zauna gaban akushi yana gadi. Tsohuwa Marka ta yi faɗa, ta yi lallashi, a banza, sai da tuwo ya sandare. Washegari ya zo teburin mai shayi ya bi kofunanmu ɗaya bayan ɗaya yana taɓawa yana turewa gefe da sanda. Ran nan, da ruwan randa muka ci burodi.

Wata rana, ana gab da tashin shanu, aka kawo Baffa ko zama a kan jaki ba ya iyawa sosai. Barau ya tara mutane su ga aikin ƙarshe. Ya naɗe hannun riga, ya ce wa Nomau ya shafa mai a gwiwar. Nomau ya ɗora hannu, ya janye da sauri, ya tsaya tsakanin surukinsa da tsoho.

"Da zafi, Yaya."

Barau ya ce ya matsa. Nomau ya ce ai shi ya hana. Barau ya ce yanzu ya ce a taɓa. Nomau ya rikice, ya duba gwiwa, ya duba Yaya, ya ce to wace maganar ce ta gaskiya, ta ranar tukunya ko ta yau, shi dai ta ranar tukunya ya fara ji. Barau ya kawo hannu, Nomau ya riƙe. Mutane suka fara dariya. Haushi ya kama Barau ya ce, "To likita, tunda ka fi ni sani, ɗauke shi ka kai shi asibiti mana."

Kafin ya rufe baki Nomau ya goya tsoho ya kama hanya. Kasuwa ta bi bayansa, har da Barau yana kira.

Malamar asibiti ta taɓa gwiwar, ta yi wa Baffa tambayoyi, ta ji labarin kaska da zazzaɓi. Ta ce ga alama cutar cizon ce ta sauka a gaɓa, magani take so da hutu, kuma gaɓa mai zafi da kumburi ba a murza ta. In ya sha magani yadda aka ce, zai cim ma shanunsa a hanya. Sannan ta ga shatin diddige a fatar, ta tambayi wa ya yi wannan aiki.

Barau ya gyara hula ya ce shi shafawa kawai yake yi sama-sama, kuma kowa shaida ne shi ya ce a kawo shi nan. Malama ta juya ga Nomau ta ce ya nuna mata irin shafawar. Nomau ya duba ko'ina bai ga ƙafar da babu mai amfani da ita ba, sai ta Yaya. Ya kayar da shi a baranda, ya danna, ya murɗa, ya hau da diddige, komai yadda ya gani. Ihun Barau har bakin tasha.

Nomau ya ɗago kai, yana kan aiki, ya ce wa malama kada ta damu. "Sai da na taɓa tukuna. Tasa ba zafi."