Rasuwar 'Yar Kwatano a Turmin Goggo Zubaida

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yau ba ta yafe wa kowa ba, ni Bunyaminu Maliki, ɗan kabu-kabu a hanyar Bagudo zuwa bakin iyakar Binin, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar abokiyar zamana, na'urar wasan gem ta hannu wadda duk tasha ta sani da suna 'Yar Kwatano. Ta rasu ranar Lahadi da hantsi, a tsakar gidanmu da ke Bagudo, a cikin turmi, bayan shekara biyu da wata huɗu a hannuna. Ba ta yi jinya ba. Kashe ta aka yi, kuma zan faɗi sunan wadda ta yi.

Marigayiya baƙuwa ce. Ta zo cikin dilar gwanjo daga Kwatano, na tsince ta a rumfar wani Badande, mutumin tsallaken iyaka, a kasuwar Segbana da ke ƙasar Binin, tana kwance tsakanin tsofaffin takalma da tocilan. Ba ta wuce tafin hannu biyu ba, kuma tun a lokacin akwai tsagewa a kusurwarta ta hagu. Faransanci kawai take rubutawa, ni kuwa ko harafi ɗaya ban iya ba, amma ba mu taɓa samun saɓani ba. Akwai waɗanda muke jin Hausa ɗaya da su, muke cin tuwo a kwano ɗaya, har gobe ba su fahimce ni ba.

Labari ɗaya ne a cikinta. Wani maye mai kai uku ya sace kogin wani gari, ya ɗura shi a tulu, ya kai shi bayan ƙasashe tara. Sai wani ɗan gajeren maharbi ya ɗauki fitila da guntun takobi, farar dila tana biye da shi, ya tafi karɓo ruwan mutanensa. Ni na sa masa suna Gajere. Duk wanda ya tashi a bakin kogin Kwara ya san abin da ake nufi da a ɗauke wa gari kogi, don haka tun ranar farko na ɗauki tafiyar a matsayin tawa.

Halayenta na kirki ba za su ƙirgu ba. Ba ta neman sabis. A bakin iyaka, inda waya ke rikicewa ta rasa ƙasar da take ciki, marigayiya aikinta take yi. Ranar da aka rufe ƙofar iyaka muka yini a rana da buhunan mutane a kan babura, 'yan uwana suna zage-zage, ni ina dajin da itatuwa ke tafiya da ƙafafunsu, kuma batirinta bai mutu ba har aka buɗe. Ba ta da mugunta. In dodo zai fito, sai ta canza kiɗa, ganga ta yi nauyi, mutum ya shirya. In ka ga bango da ɗan tabo ka yi haƙuri ka buga shi, za ka tarar da ɗaki a bayansa da abin da zai amfane ka gaba. Kowace ƙasa da darasinta: a ƙasar gishiri na koyi tsalle, a garin da ke ƙarƙashin ruwa na koyi riƙe numfashi, a dutsen ƙarfe na koyi cewa wani abokin gaba ba a saransa, kewaye shi ake yi.

Mafi girman halinta shi ne yafiya. Gajere ya mutu a hannuna fiye da sau dubu. Kowane karo sai ta yi ɗan kukan nan nata, “tiii-ri-rim,” fuskarta ta yi duhu, sannan ta mayar da ni daidai inda na tsaya, da raina cikakke. Ba ta taɓa tara dangi a yi mini wa'azi ba, kamar yadda yayana Jamaluddeen yake yi. Ba ta taɓa tambayata ina na tsaya ba, ko me ya sa ban sayo omo ba, kamar matata Ummu Salma. In na ɗauki mabuɗi sai ta ce “tilin,” in na buɗe akwati ta ce “tilin-tilin-taaa.” A gidanmu babu wanda ya taɓa yi mini irin wannan murna don na yi abin kirki.

Ga yadda ajali ya zo. Ranar Asabar bayan azahar na isa ƙasa ta tara. Na jingine babur, na zuba mabuɗinsa a aljihu, na tafi ƙarƙashin wani mangwaro da ke bayan gari don kada a dame ni. Na shiga fadar maye, na ga tulun da idona, ruwa yana haske a cikinsa. Na sare kai na farko. Daidai nan wayata ta fara ruri. Jamaluddeen ne. Na san Ummu Salma tana da cikin fari kuma watanta ya kama, amma tun sati biyu ake cewa yau ne, gobe ne. Na kashe kiran. Ya sake kira sau shida, kuma a na shidan ne kai na uku ya hura mini wuta Gajere ya faɗi. Ina so a rubuta cewa da ba a dame ni ba, da na gama cikin minti goma na dawo gida. Sai na kashe wayar gaba ɗaya na sake shiga.

Da na koma gida da la'asar sakaliya, na tarar ba kowa. Maƙwabta suka ce naƙuda ta zo da gardama, an nemi mabuɗin babur ba a samu ba, aka ɗora ta a amalanken shanu zuwa asibiti. An ce ta zubar da jini da yawa, Jamaluddeen ya ba da nasa. Ta haifi 'ya mace. Uwa tana raye, 'ya tana raye, Jamaluddeen ya sha lemo ya miƙe. Na duba duk wannan lissafi ban ga gawa ko ɗaya ba. Gawar tana tafe washegari.

Da hantsin Lahadi Goggo Zubaida, ƙanwar mahaifinmu, ta same ni a zaure. Ba ta yi faɗa ba. Ta zauna kusa da ni, ta tambaye ni cikin taushin murya ko wannan ne abin da ya riƙe ni jiya, ta ce in nuna mata shi. Na ji daɗi, don ita ce ta farko a danginmu da ta taɓa tambaya. Na kunna, na nuna mata Gajere yana tsaye a ƙofar maye, na bayyana mata zancen kogi da tulu. Ta gyaɗa kai. Ta miƙo hannu, ni kuma da hannuna na ba ta. Ta tashi ta shiga cikin gida, na bi ta ina tsammanin matan da suka zo barka za ta nuna wa. Ta jefa marigayiya a turmi, ta ɗauki taɓarya.

A bugu na farko fuskarta ta tarwatse, amma kiɗan ƙofar maye bai tsaya ba. A na biyu muryarta ta shaƙe, ta ce “tiii-ri,” ba ta ƙarasa ba. Na uku ba a bukatarsa, amma Goggo ta yi shi, ta ƙara na huɗu. Mata goma sha ɗaya ne a tsakar gidan, na ƙirga su. Babu wadda ta riƙe hannunta. Ɗaya ma guɗa ta yi.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin leda, da jakar yadi da na sa tela ya ɗinka mata, da manyan yatsuna biyu masu kanta waɗanda har yanzu suke motsi in na zauna. Ta bar Gajere da dilarsa a ƙofar maye, da gari guda wanda ba zai ƙara ganin koginsa ba. Ban sa Ummu Salma cikin waɗanda aka bari ba, don ba ta taɓa ƙaunarta ba. Daga asibiti iyayenta suka wuce da ita Zagga, mahaifinta kuma ya aiko cewa kada in sa ran dawowarta bayan arba'in. Na karɓi saƙon. Ban ga ta'aziyya a cikinsa ba. Na aika cewa a sa wa yarinyar sunan da zai riƙa tuna mini da marigayiya, aka koro ɗan aiken.

Ana karɓar gaisuwa a tashar kabu-kabu, a benci na biyu. Ba a karɓa daga Goggo Zubaida, da Jamaluddeen, da matan nan goma sha ɗaya, musamman mai guɗa. Liman ya ƙi zuwa, ya kuma faɗi maganganun da ba su dace da mai makoki ba, don haka ni zan ja gaba. Na kwashe abin da ya saura daga turmi da cokali, na rairaye shi daga garin gero, na naɗe a farin ƙyalle.

Za a binne ta ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe bakwai na safe, a gindin mangwaron da ke bayan gari, inda ta yi yaƙinta na ƙarshe. An sanar da ni cewa a ranar, a kuma daidai wannan lokaci, za a raɗa wa jaririyar suna a Zagga, kuma ana bukatar uba a wurin. Na duba al'amarin da kyau. Yarinya tana da kaka, tana da baffan da ya ba uwarta jini, tana da Goggo da taɓaryarta. Marigayiya ba ta da kowa sai ni. Masu zuwa jana'iza su zo da fartanya ɗaya, ramin ba mai zurfi ba ne.

Sanarwa daga mai makoki,
Bunyaminu Maliki, Bagudo.