Giyar Tsohon Direba a Hagu Take

"Lafiya lau, sai godiya. To ya ƙarfin jikin, Bamalli?"

"Jiki na nan inda kika bar shi. Ke kuma wa ya mutu kika shigo mini da akwati?"

"Angon da na aura ne ya mutu a kan tabarma, na zo in gani ko za a iya tayar da shi."

A duk gidanmu na unguwar Bagama mutum ɗaya ce ke kama sunan Baba gatsau ta kwana lafiya, ita ce Ummukulthum, 'yar yayana, wadda yake kira amaryarsa tun tana rarrafe. Ni Mas'uda da nake 'yar cikinsa ko a mafarki ban isa ba. Baba tsohon direban babbar mota ne. Daminar bara ciwo ya kayar da shi, ya tashi da hannun hagu a sake. Likita ya ce hannun bai mutu ba, amma in ba a motsa shi zai sandare, in kuwa ya sandare shi ke nan. Aka ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, ya jefa wa yara suka buga har ta fashe. Mu 'ya'yansa iyakarmu lallashi, shi kuma iyakarsa ya juya mana ƙeya. Hannun ya koma cikin babbar riga kamar kayan sata, abin yana cin raina ƙwarai.

Ita wannan ja'irar lantarki take koyo a makarantar sana'a. Da ta zo hutu ta ga kakanta ba ya komai sai ƙirga ƙudaje a rumfa, ta ce za ta sama masa aiki. Akwai na'urar wasan gem da yayana ya sayo wa yara daga Legas, wadda ake jonawa a talabijin, amma abin riƙewarta ɗan mitsitsi ne, sai da hannu biyu masu lafiya. Sai ta tafi shagon Olu mai gyaran rediyo a bakin tasha, inda ake da irin manyan injinan nan masu sanda da samari ke tsayawa suna bugawa, ta ƙare musu kallo ta dawo ta haɗa nata. Tsohon aljihun tebur ta kife, ta kafa masa sandar ƙarfe a gefen dama, ta dasa maɓallan ƙararrawar ƙofa guda biyu a gefen hagu, ta janyo waya. Shi ne ta dire masa a cinya da hantsin nan, ta sa yara suka fito da talabijin.

"Ga mota na kawo maka," in ji ta. "Tunda ka kasa yi mini lefe, ni na yi maka."

"Wannan ce mota? Ko akurkin kaji ya fi ta fasali. Ina tayoyin?"

"Suna cikin talabijin. Dubi, ga titi, ga 'yar jar mota tana jiran direba. In akwai direba a gidan."

"Ke, tun garin nan ana ce masa Abuja nake tuƙi, tun kafin su ɗauke sunan su kai wa masu dogayen benaye. Lokacin ubanki ko wando bai iya ɗaurawa ba."

"An ce dai kai ne ka taɓa tashi daga nan za ka Kaduna, ka kwana uku ba ka wuce Sabon Wuse ba."

"Bazawara ce ta tsare ni da tuwo. Ta fi ki kyau, ta fi ki hannu a miya."

"Allah sarki. Ita ma ta duba ta ga ba riba ta sako ka."

Baba ya yi tsaki, ya sunkuya yana duban akwatin da idon raini. Can idonsa ya tsaya a kan sandar. A samanta akwai wani baƙin dunƙule mai sheƙi, gefensa ɗaya ya ɗan lotsa saboda shan hannu. Na ga fuskarsa ta canza.

"Ummu. Ina kika samo wannan?"

"A kasuwa."

"Ƙarya kike, ɓarauniya. Kan giyar motata ne. Ko a cikin duhu aka miƙo mini zan gane shi."

"Motar da kaji ke ƙwai a cikinta a garejin Dogara? Shi da kansa ya kwance mini. Ya ce in gaishe da ogansa, ya ce kuma har yau kunnensa na zafi saboda jan da ya sha yana karen mota."

"Dogara ya ci amanata. Gobe zan kai ku gaban alƙali ku biyu."

"Da wace ƙafar? Sai dai in goya ka. Kama mota mu gani, tsoho. Wannan sandar ita ce giya ita ce sitiyari, ka tura hagu ta yi hagu, ka tura dama ta yi dama. Wannan maɓallin totur ne, wancan birki. Kai dai riƙe sandar da hannunka na dama, ni zan riƙa danna maka totur."

"Mota mai direba biyu? A wace ƙasa?"

"A ƙasar da ango ya tsufa."

Bai kama ba. Ya dubi sandar, ya dubi maɓallan, ya ɗago ya dube ta sama da ƙasa.

"Wane makahon ne ya koya miki aiki? Giya a dama?"

"Duk motar da ke garin nan giyarta a dama take."

"Motocin yara. Motar maza sitiyarinta a dama yake, giya a hagu. Haka na koya, haka na tuƙa tawa har ta tsaya, ko da aka juya hannun titi ban juya ba. Ke da kike sato kan giya, ba ki leƙa kin ga inda yake zaune ba?"

Gaskiyar magana, Olu sai da ya ce wa Ummu a injinan shagonsa ma sanda a hagu take, ita ce ta ƙi, ta mayar da ita dama don tausayin kakanta. Haka duk gidan muke yi, buta a damansa, ƙwarya a damansa, rediyo a damansa, ba wanda ke son ya tuna masa da ɗayan hannun. Amma bakinta ba ya mutuwa.

"Na ga hagun taka ta yi ritaya ne, na ce kada in tashe ta daga barci."

Wannan maganar da ni na yi ta, da sai an tara dangi. Baba kuwa ya zaro ido.

"Ritaya? Hannun da ya hau da tirela kan tudun Zuba da lodin doya ba tare da ya nemi giya lamba ɗaya sau biyu ba?"

"Labari ne. Ni ban gani ba."

"Za ki gani yau, mummuna mai goshin faranti."

Ya sa hannun dama ya juya akwatin gaba ɗaya, sanda ta koma hagu, maɓallai suka koma dama. Sannan ya zura hannu cikin riga ya ciro hannun hagun, kamar mai ɗauko jariri, ya ɗora shi a kan baƙin dunƙulen. Tafin ya zauna daidai cikin lotsawar nan. Ina tsaye bakin madafa da ludayi, na ga yatsun suna rawa, sannan a hankali suka lanƙwashe suka rufe shi. Rabon da in ga yatsun nan sun riƙe wani abu tun kafin ya kwanta. Shi bai ma lura ba, faɗa ne a gabansa.

"Haka ake riƙe giya. Ba a shaƙe ta kamar wuyan kaza. Tayar da motar."

Ta tayar. Ya danna totur da babban yatsan dama, 'yar jar mota ta zabura. Kwana ta taho ta hagu, Baba ya cije leɓe ya tura sandar hagu da ƙyar, mota ta kwashi dama ta faɗa daji ta kama da wuta. Yara suka kwashe da dariya.

"Inna lillahi," in ji Ummu. "An kashe fasinja tun ba a fita tasha ba. Dama sayen lasisin ka yi?"

"Motarki ce mai aljanu. Na ce mata hagu ta yi dama. Halinki ta ɗauko."

"To ai kai ka juya akwatin, komai ya koma bai-bai. Sake ta in buɗe cikin in sauya wayoyin."

"Ba na sakin giya mota na kan hanya. Yi aikinki a haka."

Dole ta jona ƙarfen narka dalma, ta kwanta rigingine a gefen tabarma kamar bakanike a ƙarƙashin mota, shi kuma ya ɗaga mata gefen akwatin da gwiwa. Ta ɓalle wayoyi biyu ta musanya su, hayaƙin dalma na shigar mata hanci, bakin kuma bai huta ba.

"In na ƙone ka biya ni diyya."

"In kin ƙone na huta, na auro mai hankali daga unguwar Iku."

"Wa zai ba ka? Sai dai mai neman wanda za ta riƙa tauna wa goro."

"Haƙorana sun fi na ubanki ƙwari. Kin gama ko in kira Olu ya nuna miki?"

"Na gama. Saura a ga ko direban zai gyaru shi ma."

A karo na biyu ya wuce kwanar farko. A ta biyu ya gogi wata motar, ya zage ta tas har da uwar mai ita. Gumi ya keto masa, hannun yana karkarwa tun daga kafaɗa, amma duk sanda titi ya karkata sai in ga wuyan hannun ya bi shi. Tun yana turawa da dukan jikinsa har ya koma turawa da hannun kaɗai. Na koma cikin madafa na share idona, na gode wa Allah, na kuma gode wa wannan mara kunyar da ta faɗi abin da mu muka kasa faɗa.

Da na fito an kai ƙarshen titi, talabijin na wani kiɗa, yara na tsalle. Baba ya jingina da bango yana haki.

"Na nawa na zo?"

"Na ƙarshe. Amma ka iso da fasinja da ransu, an gode."

"Totur ɗinki ne ba shi da ƙarfi. Gobe ki ƙara masa. Kuma sandar ta yi laushi, giya sai da ɗan tauri."

"Au, har da gobe? Ba akurkin kaji ba ne?"

"Akurkin ne. Amma makaniken ba laifi." Ya yi 'yar dariya, irin wadda muka daɗe ba mu ji ba. "Kin ci, amarya. Matso in sallame ki."

Ya laluba aljihu da dama ya ciro farin goro guda, ya tsaya yana kallonsa. Sai ya sa shi cikin tafin hagun, yatsun suka rufe, ya ɗago hannun da kansa ba tare da ya tallafe shi ba. Hannun na rawa, goron na neman suɓucewa, ya miƙa mata.

Yarinyar da ko cokali aka miƙa mata da hagu sai ta yi magana, ta durƙusa ta tara hannu biyu.

"Da hagu ake ba amarya kyauta, Bamalli?" in ji ta.

"Da ita na samu. In ba kya so dawo da shi."

"Ina so," in ji ta. "Gobe ma da ita za ka ba ni."