Rasuwar Fankar Da Aka Ce Ta Yi Shiru

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ta daina jin nauyinsa, Na'Allah Muntaka, na bayan kasuwa a nan Zuru, a madadin kansa da sauran mazauna ɗakinsa, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar fankar da ke cikin kwamfutarsa ta tebur, wadda ta ƙarar da rayuwarta tana fifita ƙwaƙwalwar injin, abin nan da masu gyara ke kira furosesa. Ta rasu ranar Talata da hantsi, a bakin aikinta, tana ɗaure da notunanta. Ba a san ainihin lokacin da rai ya yi halinsa ba, kuma rashin sanin nan ne ya hana mai sanarwar runtsawa a daren da ya biyo baya. Ya kwana yana jujjuya tambaya guda: fankar da aka umarta ta tsaya, ta kuwa tsaya, ta yaya za a gane lokacin da ta daina biyayya ta zama gawa?

Marigayiyar ba 'yar ƙasar nan ba ce. Ta iso ne cikin kayan gwanjo, da 'yar takarda manne a cibiyarta mai rubutun da ba wanda ya iya karantawa, har takardar ta gaji ta ɓantare. Na'Allah ya same ta yana ɗalibi a jami'a. Ta raka shi rubutun kundin kammala karatu, ta bi shi bautar ƙasa a cikin kwali, sannan ta dawo tare da shi Zuru, inda takardar digirinsa ta shiga ƙasan akwati, su biyu kuma suka kama gyaran sauti da haɗa bidiyon bukukuwan mutane a ɗakin da ke kusa da zaure.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri da sanin ya kamata. A kusurwar allon kwamfutar akwai lambobi biyu da ba sa gushewa: ɗaya tana faɗin zafin furosesa, ɗaya tana faɗin saurin juyin fankar. Na'Allah da hannunsa ya shata mata ƙa'ida a cikin manhajar da ke sarrafa ta. In zafi bai wuce digiri arba'in ba, ta yi tafiyar ƙasaita. In ya kai sittin, ta ɗaga ƙafa. In ya haura saba'in, ta ba da duk abin da take da shi. Ba ta taɓa saɓa wannan ba, ko a tsakiyar bazara, lokacin da kwanon ɗakin ke zubo wuta kamar bakin tanda. Mahaifiyarsa takan ce ɗanta ya san zafin jikin akwatin nan fiye da nasa, kuma bai taɓa musa mata ba. Ya sha shafe yini bai yi magana da kowa ba, yana kallon lambar zafi tana hawa, yana jin fankar tana amsa mata, har lambar ta sauko. A cikin duk abin da ya koyo a makaranta, wannan kaɗai ne ya ga yana tafiya yadda aka ce zai tafi.

Muryarta a zamanin ƙuruciya wani siririn “fuuu” ne, wanda sai an ɗauke wuta mutum ke tuna yana jin sa. In aiki ya yi nauyi takan ce “wuuuu”, ba da fushi ba.

Ciwon ajali ya fara mata a bazarar bara. Boris ɗinta, ɗan ƙarfen da take juyawa a kansa, ya cinye, muryar ta koma “kar-kar-kar”, kamar an jefa tsakuwa a gwangwani. An nemi magani. Madam Philomena, mai ɗinkin da shagonta ke jingine da katangar gidan, ta ba da man kekenta, aka ɗiga mata, ta ɗan samu sauƙi. Daga baya sai ta kai ba ta iya tashi da kanta. Kullum aka kunna kwamfutar, sai Na'Allah ya sa yatsa ya ɗan tura mata fiffike, ta yi rawar sanyi, sannan ta kama. Saboda haka ne ma ya daina rufe murfin gefen akwatin. Ugochukwu, mai shagon kayan kwamfuta a bakin tasha, ya sha ce masa, “Malam Na'Allah, ka bar tsohuwar nan ta huta mana. Ko ɗan dako ne ai ya isa fansho.” Na'Allah yakan yi murmushi ya sayi abin da ya kawo shi ya tafi.

Ga yadda ranar ta kasance.

Kakarsa ta wajen uwa, Zulaiha, wadda ke zaune a wani ƙauye gaba da Mahuta, an kawo ta asibiti a duba mata ƙirji. Yayarsa Bilki ce ta ɗauko ta. Tsohuwar tana da wata waƙar niƙa da harshen C'lela, wadda ta koya a gindin dutsen niƙan uwarta, kuma tun da injin niƙa ya shiga ƙauyuka ba wanda ya sake koyon ta. Na'Allah kansa tsinta-tsinta yake jin harshen. Ya daɗe yana roƙon ta ta bari ya ɗauka, tana ce masa sai wani zuwan. A wannan karon, da ta fito daga wurin likita, ita ta ta da maganar da kanta.

Aka zaunar da ita a tabarma, aka sa mata makirufo a gaba. Da aka gwada aka saurara, sai ga shi muryar marigayiyar ta danne ta tsohuwar. Kar-kar-kar ɗin yana gaba, waƙar tana can baya kamar daga wani gida. Wayar makirufon gajera ce, ba halin a fitar da akwatin waje. Sai Na'Allah ya mayar da murfin gefe ya rufe, ya kama linzamin kwamfutar, ya ja layin saurin fankar ƙasa, ƙasa, har ya kai sifili. Ta ɗan yi “krrr”, ta yi tsit. Wannan ce maganarta ta ƙarshe da aka ji.

Kafin ta fara, tsohuwar ta ɗaga masa yatsa. “Kai miji, ka ji da kyau. Waƙag ga ba a yanka ta. In ka tsai da ni, sai dai a koma farko, ni kau ba ni da numfashin biyu.”

Ya ce ya ji. A lissafinsa, waƙa ba ta wuce tsawon waɗanda ake sakawa a rediyo, kuma furosesa zai iya jure wannan ba fifita. Abin da bai sani ba shi ne, waƙar niƙa ba ta da tsawon kanta. Tsawonta tsawon dawar da ke kan dutse ne. Tsohuwar ta durƙusa, ta dafa tabarma da hannu biyu, ta fara turawa tana jawowa, tana niƙa dawar da ba kowa ke gani ba sai ita. Lokaci-lokaci takan miƙa hannu gefe ta ɗebo wata ta zuba. Ba wanda ya san girman kwanon da take ɗiba.

Lambar zafi ta wuce sittin. Ta wuce saba'in. A ƙa'ida, nan ne marigayiyar ke ɗaga murya, amma an hana ta. Da lambar ta haura tamanin ta koma ja, Na'Allah ya tuna abu biyu a tare: kwamfutar takan kashe kanta in zafi ya yi mata yawa, manhajar ɗaukar sautin kuma ba ta adana komai sai an danna tsayawa. In ta mutu yanzu, duk abin da tsohuwar ta niƙa ya zube a ƙasa.

Ya yanke shawarar gara waƙa da ƙara a bayanta da babu waƙar. Ya ɗaga layin saurin kaɗan. Lambar juyi ta ce sifili. Ya ɗaga zuwa rabi. Sifili. Ya kai shi ƙarshe. Ya zare murfin a hankali yadda ba zai yi motsi ba, ya sa yatsa ya tura fiffiken kamar kullum. Fiffiken ya tafi iya inda yatsan ya kai shi, ya tsaya. Ya sake. Ya sake. Ƙarfen da ke ƙarƙashin fankar ya ƙona masa yatsa, bai ji ba sai daga baya.

Bilki tana zaune bayan tsohuwar tana yi mata fifita da mafici. Ta dubi ƙaninta, ta dubi jar lambar. Ta ja gwiwa ta matso, ta juya maficin zuwa cikin akwatin. Haka aka ci gaba: tsohuwa tana niƙa, gumi yana bin wuyanta yana ɗiga a tabarma, jikarta tana fifita injin da hannu bibbiyu, jikanta kuma yana tsaye da yatsa a kan linzami. Lambar ta tsaya a casa'in. Ta ƙara ɗaya, ta rage ɗaya. Ba ta sauko ba, ba ta kuma wuce ba, har tsohuwar ta share dutsenta da gefen hannu, ta karkaɗe tafukanta, ta zauna.

Ya danna. Waƙar ta adanu.

Tsohuwar ta waiwaya ta ga inda maficinta ya koma. “Lalle na yi miji,” in ji ta, tana haki. “Ni aka kawo asibiti, akwati ka shan iska.” Bilki ta yi dariya har ta riƙe ciki. Da tsohuwar ta sha ruwa numfashinta ya dawo, sai ta ƙara da cewa wannan ta ɓarza ce kawai. Dawa sau biyu ake bi ta kanta, kuma niƙa na biyu, wanda ke fitar da gari mai laushi, yana da tasa waƙar. Za ta yi masa ita ranar Alhamis da safe kafin su kama hanya, in ƙirjin ya yarda.

Da yamma Ugochukwu ya zo da kansa ya duba gawar. Ya canza mata mazaunin waya, ya gwada ta da wata wutar, ya kara ta a kunne ya juya. Ya girgiza kai. Na'Allah ya tambaye shi, da ba a tsayar da ita ba fa? Ugochukwu ya buɗe hannuwa. “Wataƙila sati ɗaya, wataƙila shekara. Ɗan'uwa, ni mai sayar da kaya ne, ba ni na rubuta mata kwana ba. Ka yi haƙuri.”

Mai sanarwar yana so a sani cewa ya jira baƙin cikin ya zo masa yadda yake zuwa wa mutane, bai zo ba. Ya ci tuwonsa ya cinye. Ya amsa sallamar maƙwabta. Ya kwashi waƙar ya sa a waya, ya toshe kunnuwansa ya saurare ta daga farko har ƙarshe, yana neman wurin da fankar ta cika, ko wani ɗan ƙaras, ko wani nishi. Babu. Akwai muryar tsohuwa, akwai gogar tafin hannu a kan tabarma, can wajen ƙarshe kuma akwai wata iska mai zuwa tana komawa, wadda ta maficin Bilki ce. Bai taɓa ɗaukar sauti mai tsabtar wannan ba.

Marigayiyar ta rasu ta bar furosesa guda, wanda ya sha wuya amma likitoci sun ce zai tashi. Ta bar ƙanwarta, 'yar ƙaramar fankar da ke cikin akwatin wuta, wadda ba ta taɓa sanin nauyin gida ba. Ta bar ma'ajiyar bayanai mai ɗauke da bukukuwan rabin garin nan da rabin waƙa guda. Ta kuma bar lamba ɗaya a kusurwar allo wadda ta yini ta kwana tana cewa sifili.

Na'Allah ya so ya bar marigayiyar a mazauninta, ko na ɗan lokaci. Amma Alhamis ba ta jira, kuma ba za a sake ɗauke wa tsohuwa maficinta ba. Yau Laraba da safe ya je bakin tasha ya karɓo sabuwa, mai juyawa a hankali ba tare da an ji ta ba. Ya dawo ya rufe ƙofa, ya ɗauki sukurudireba ya kwance notunan ɗaya bayan ɗaya, ya zare wayar, ya ɗaga marigayiyar. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ya ɗaura sabuwar, ya kunna, ta tashi ba da taimakon yatsa ba. Lambar zafi ta zauna a arba'in da 'yan kai. Sannan ya shiga manhajar ya ɗaga ƙasan layin, ya kulle shi, yadda ko shi kansa ba zai iya sake kai wata fanka sifili a ɗakin nan ba sai ya sha wahala.

An riga an goge marigayiyar da tsumma mai tsabta, an naɗe ta a farin hankici. Za a yi jana'izarta gobe Alhamis bayan la'asar, in motar Mahuta ta tashi, a gindin dogonyaron da ke bayan ɗakin. Ba a buƙatar taro, ba za a yi zaman makoki ba. Mai son yin ta'aziyya ya sami mai sanarwar a zaure bayan an dawo.

Abin da iyalan ke roƙo shi ne na safiyar gobe. Ana roƙon Madam Philomena ta ɗaga ƙafa daga kan kekenta. Ana roƙon 'yan kabu-kabu su kashe mashin tun daga bakin kwana su turo. Mai sallama ya riƙe sallamarsa, mai tari ya haɗiye, har sai an ga tsohuwa ta karkaɗe hannuwanta.

Allah ya ba mu haƙurin rashi, ita kuma Kaka ya ara mata numfashi.