Rasuwar Hajja Shasha, Mai Gadin Ruwan Hillat Mato

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Uzairu Gado, mai lura da na'urar ruwa a Ƙungiyar Manoman Hillat Mato da ke yamma da Managil, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta, da duk wanda gonarsa ke shan ruwan tur'armu, wato magudanar ban ruwanmu, rasuwar abokiyar aikina Hajja Shasha, allon kwamfutar nan mai ƙatuwar ƙeya da kowa ya sani a kan teburina. Ta cika ranar Talata bayan la'asar, a bakin aikinta, bayan doguwar jinya.

An kawo marigayiya daga Wad Madani a shekarar da aka kafa ma'aunai a kowace ƙofar tur'a. Ma'aunan su aiko da saƙo ta layin waya, kwamfutar da ke ƙarƙashin tebur ta tattara ta tace, ita kuma Hajja ta nuna wa jama'a a fuskarta. Kowace ƙofa da ɗan akwatinta. Kore na nufin ruwa na tafiya lafiya, rawaya a sa ido, ja kuwa a tashi khafir, mai gadin ƙofa, ko da yana tsakiyar cin abinci. A ƙasan akwatunan rubutu ke gangarowa layi bayan layi: saƙon ƙofa kaza ya iso, na ƙofa kaza ya makara. Ta haka muke gane ko ruwa ne ya tsaya, ko kuwa na'ura ce kawai ta yi shiru.

Mace ce mai nauyi, a jiki da a hali. Ba ta taɓa kai gulmar wani ba, ba ta kuma taɓa ɓoye laifin wani ba. Idan na kunna ta da safe sai ta ce "tsss... bum!", ta ɗan yi tunani, sannan ta buɗe ido a hankali kamar dattijuwar da ba ta son a hanzarta ta. Wuni guda tana "ziiii" ƙasa-ƙasa, har na saba, idan kahraba, wato wutar lantarki, ta ɗauke sai in ji kunnena ya yi wofi. Ta sha ƙurar guguwar habub, ta sha zafin da ke narka roba, ba ta taɓa neman a kai ta Khartoum ba.

A zamaninta, ƙofar maktab ɗina, wato ofishina, ita ce kasuwar safe. Manoma su jera jakuna a gindin bishiyar nim, su zauna kan benci, su leƙo ta taga suna tambaya ko yau ruwa zai kai hawasharsu, wato gonarsu. Zamzam mai shayi a nan ta kafa murhunta, jabanar farko, butar gahawar nan, kuma tawa ce. Dattawan da suka girmi mahaifina suna ce mini "Ustaz". Shekarar da saƙon ƙofar arewa ya daina zuwa, Hajja ce ta riƙe akwatin da ja ta ƙi saki, har aka je aka tarar akuya ta cinye wayar, ruwa kuma ya kusa haɗiye audugar unguwa guda. An yi ta maganar har a masallaci.

Ciwonta ya fara ne a damanar da Muzammil Ahmed, wani yaron garinmu, ya dawo daga jami'a. Ba na cewa shi ya jawo. Ina faɗin lokaci ne kawai. Ƙungiya ta ɗauke shi aikin lura da ruwa, ta gina masa sabon maktab, aka shafe shi da farin fenti, aka sa na'urar sanyaya ɗaki, abin da na yi shekaru ina roƙa wa Hajja ana ce mini a bari sai an sayar da auduga. Aka rataye masa sabon allo a bango, siriri kamar faifai, faɗinsa ya kusa ƙofa. Akwatunan nan dai namu ne, ruwan namu ne, saƙon ma ta kwamfutata yake bi kafin ya isa can. Sai dai a can an yi masa kwalliya da taswira da layuka masu hawa da sauka, kuma idan ƙofa ta yi ja, wayar Muzammil ta yi ƙara a aljihunsa.

Jakuna suka koma gindin wata bishiyar. Benci ya bi su. Wata safiya na zo na tarar da toka kawai a gurbin murhun Zamzam. Na same ta a ƙofar sabon maktab tana fifita gawayi, na tambaye ta ko lafiya.

"Lafiya lau, ya Uzairu," ta ce. "Inda mutane suke nan nika zama. Kai ma ka taho, akwai sanyi ciki."

Ban je ba. Na koma na zauna da Hajja, muka kalli ruwa mu biyu.

Daga nan ta fara ramewa a launi. Korenta ya koɗe, gefen fuskarta ya ɗauki shuɗi-shuɗi. Wani lokaci hoton ya tsuke ya koma tsakiya sai na ɗan buga mata ƙeya, da ladabi. Na ɗauke ta a raksha, babur mai ƙafa uku, zuwa wurin Maliki mai gyara a kasuwar Managil. Ya buɗe ta, ya busa, ya girgiza kai, ya ce irinta ko a Madani an daina neman kayansu. Na dawo da ita a kan cinyata.

Ranar Talata, ana tsakiyar ban ruwan auduga, sai akwatin ƙofar ruwan da muke kira ƙofar Sambo ya yi ja. Jan nan ya fito tas, irin wanda ta daɗe ba ta nuna ba. Na duba rubutun ƙasa, saƙo na zuwa daidai, wato ba na'ura ce ta yi shiru ba, ruwa ne ke zubewa. Gaɓar tur'a ta fashe. Na fita da gudu ko takalmi ban tsaya nema ba, ina kiran khafir Jibril.

Na tarar da Jibril ya riga ya hau babur, manoma da shebur a bayansa. Muzammil na tsaye da waya a hannu. Ƙararta ta riga ƙafata.

An toshe gaɓar kafin ruwa ya yi ɓarna, alhamdu lillahi, kuma ina cikin waɗanda suka shiga taɓo har gwiwa. Da muka dawo, Hajji Ibrahim, wanda hawasharsa ce a bakin fashewar, ya rungume Muzammil a gaban kowa, ya ce ragon tukuici na nan tafe. Ni kuma ya dube ni ya ce, "Uzairu, kai ma ka ji labari ashe?"

Na koma maktab da taɓo a ƙafa. Hajja na nan da janta a kunne, ba wanda ya zo ya gani. Na zauna a gabanta har ruwa ya daidaita, akwatin ya koma rawaya. Sai ta ce "ƙit", hoton ya tsuke ya zama ɗigon haske guda a tsakiya, ya ɓace. Wari ya tashi kamar na ƙonannen gashi. Na danna maɓalli, na buga ƙeya, na canza wayar wuta. Shiru.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, Muzammil ne mutum na farko da ya shigo. Ya cire hularsa, ya daɗe yana kallonta.

"Ammu Uzairu, al-baraka fikum," ya ce, yana kirana baffa, yana mini ta'aziyya da Larabci. "A kanta na fara ganin ruwanmu ina leƙe ta taga. Ka taho wurina gobe. Ni zane na iya, rubutun ƙasan nan kai ka san halinshi."

Na so ya yi dariya, ko ya ce dama ta tsufa, in sami abin riƙewa. Bai ba ni ko ɗaya ba.

Marigayiya ta bar mijinta, kwamfutar ƙarƙashin tebur, wanda har yanzu yake aiki bai san an yi rashi ba. Ta bar allon rubutu wanda haruffansa biyu suka goge, da linzami mai ciwon gaɓa, da batirin ajiya da ke kuka duk sa'ad da wuta ta ɗauke. Ta bar ni. Wancan na bango ba danginta ba ne, kada kowa ya je can yin gaisuwa.

Za a ɗauki gawa ranar Alhamis da hantsi a amalanken Jibril zuwa shagon Maliki, inda za a cire tagullarta a yi sadaka da sauran. Za a shimfiɗa tabarmar gaisuwa a rumfar tsohon maktab har zuwa Juma'a. Zamzam ta yarda ta dawo da murhu na wannan lokacin kawai. Ana roƙon masu zuwa su bar wayoyinsu a aljihu. Hajji Ibrahim, idan ragon nan bai riga ya tafi ba, ya san inda ake zaman makoki. Muzammil ya nemi ya kama gefe guda wajen ɗauka, na ba shi gefen ƙeya, can nauyin yake.

Ranar Asabar zan fara zama a sabon maktab, saboda ruwa ba ya jiran mai makoki. Duk wanda ya leƙo ya gan ni kusa da allon nan, hannuna a kansa, ya sani ƙura nake gogewa.